Daga Bad Tölz zuwa Landshut tare da mai farautar yaran hoki

Maƙwabcina a Munik dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin lantarki, kuma muddin sanyi ya shigo ba ka samunsa a gida ranar Asabar da Lahadi. Da ƙuruciyarsa ya buga ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wato hoki, har gwiwa ta raba shi da ita. Yanzu yana cikin masu yawon kallon wasannin yara suna rubuta abin da suka gani, su aika wa kociyoyin da ke zaɓen yaran jihar Bavariya. Daga irin wannan zaɓe na jihohi ne hukumar hoki ta Jamus, DEB, take tace waɗanda za su shiga ƙungiyar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 16, daga nan su hau ta 17, ta 18, har ta 20. A watan Janairu idonsa ya fara ba shi matsala da tuƙin dare, ya ce ko zan riƙe masa sitiyari. Na ce bismilla.

Mun bar Munik da duku-duku muka yi kudu, muka nufi Bad Tölz, tafiyar kamar awa guda. Gari ne da mutanensa ba su kai dubu 20 ba, a bakin kogin Isar, duwatsun Alps na leƙo shi ta baya. Amma wannan ɗan gari ya ci kofin Jamus sau biyu, a 1962 da 1966. Haka kudancin Bavariya yake: inda ba ka zaton za a tara ƙungiya ko ta unguwa, nan za ka tarar da tarihin wasan. Dalilin a bayyane yake, tafkunan yankin suna daskarewa tun kafin a san injin da ke yin ƙanƙara, yara kuma da abin da ke ƙofar gidansu suke wasa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, filin ƙanƙara ne mai tsawon mita 60 da faɗin 30, an kewaye shi da katanga da gilashi. Kowane ɓangare mutum shida ne har da gola. Abin da ake bugawa ba ƙwallo ba ce, ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri, nauyinsa kamar giram 170. Ana yin turmi uku na minti 20-20, kuma saboda gudun da ake yi babu mai daɗewa a ciki: ɗan wasa ya yi abin da bai kai minti ɗaya ba sai ya tsallake katanga ya koma benci wani ya faɗa, wasa na ci gaba.

Wasan 'yan ƙasa da 17 ne muka zo kallo, kuma mun riga iyayen yaran da yawa isowa. Dattijon ya ce rabin aikinsa kafin a busa usur yake gamawa. Yana son ya ga wa ke ɗaukar jakarsa da kansa, wa ke barin uwarsa ta ja masa, wa ke motsa jiki da gaske, wa ke yi don koci yana kallo. Bai zauna inda jama'a suke ba, can sama ya hau ta kusurwa ya tsaya, ya fito da ɗan littafi da fensir. Biro, in ji shi, sanyi na kashe ta. Ni kuwa na sa safa biyu amma kafin a gama turmin farko yatsun ƙafata sun daina amsa kira.

Ni faifan nake bi da ido, ko in ce nake ƙoƙarin bi, don sau da yawa sai na ji ihu sannan na gane ya shiga raga. Akwai wani dogon yaro ɗan gaba da ya fi kowa jiki, in ya taho sai dai a kauce, shi ya ci mafi yawan abin da aka ci. Na taɓa dattijon na ce wannan ai ba sai an faɗa ba. Ya gyaɗa kai kawai, fensirinsa bai motsa ba.

Sai ya ce in bar faifan in kalli wani ɗan baya, ɗan tsurut, wanda rigarsa ta yi masa yawa. "Kar ka kalli sandarsa," in ji shi, "kansa za ka kalla." Aka bugo faifan can bayan ragarsu, yaron ya juya ya bi shi. Kafin ya isa ya waiga ta kafaɗar hagu, ya sake waigawa ta dama, duk cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Lokacin da sandarsa ta taɓa faifan ya riga ya san inda mai binsa yake da inda ɗan'uwansa yake tsaye, sai kawai ya goga shi a jikin katanga ya bi gefe ya isa hannun nasu, mai binsa ya zo ya yi karo da gilashi a banza. Babu wanda ya tafa. A takardar sakamako ma babu inda za a rubuta wannan. Dattijon kuwa ya cika rabin shafi.

Yadda yake kallon yaran ya tuna mini da masu sayen shanu a kara, waɗanda ƙaho da tozo ba sa ruɗarsu, tafiyar dabbar suke dubawa. Takun farko uku daga tsaye su ne abin da ya fi damunsa, da yadda yaro ke juyawa daga gudun gaba zuwa na baya ba tare da ya rage sauri ba. Ƙarfi, in ji shi, ana samunsa a ɗakin motsa jiki cikin shekara biyu, amma wanda ya kai 16 bai iya tsayuwa a kan takalmin ba, da wuya ya kamo. Sannan yana kallon benci: bayan yaro ya yi kuskure an ci su, ya buga sanda a ƙasa ya sunkuyar da kai ne, ko ya juya ya saurari koci?

Da aka tafi hutu injin gyaran ƙanƙara ya shigo yana zagaye, ya nuna mini takardar sunayen. Kusa da kowane suna ya rubuta watan haihuwa. Dogon ɗan Janairu ne, ɗan tsurut ɗin kuwa ɗan Disamba. Da shekarar haihuwa ake raba rukuni, daga 1 ga Janairu, don haka su biyun sa'o'i ne a takarda alhali kusan shekara guda ce a tsakaninsu, a daidai lokacin da wata shida ke sauya jikin yaro. Tun a Kanada aka daɗe da lura cewa 'yan farkon shekara sun fi yawa a cikin waɗanda ake zaɓa, don suna da jiki, sai a ba su koci mafi kyau da wasanni mafi yawa, tazarar ta yi ta ƙaruwa. Abin ya ba ni dariya a raina. Mu da Najeriya ta ci kofin duniya na ƙwallon ƙafa na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar, muhawararmu a kan shekaru ce har sai an ɗauki hoton ƙashin wuyan hannu, ga wasu nan suna lissafin watanni.

Daga Bad Tölz muka yi yamma zuwa Füssen ta ƙananan hanyoyi, muka ratsa Murnau, gonaki duk sun yi fari fat, hasumiyoyin coci masu kan albasa suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. A hanya ya ba ni labarin abin da ya tayar da Jamusawa daga barci. A 2013 babbar ƙungiyarsu ta kasa samun gurbin gasar Olamfik ta Sochi, Ostiriya ce ta ƙwace. A 2014 Franz Reindl, ɗan Garmisch-Partenkirchen da ke cikin waɗanda suka ci tagulla a Olamfik ta Innsbruck a 1976, ya zama shugaban DEB, aka fito da shirin da suka kira Powerplay 26, wato kafin 2026 su zama masu neman lambar yabo a kai a kai. A cikinsa har da ba ƙungiyoyi taurari, ɗaya zuwa biyar, gwargwadon yadda suke rainon yara: kociyoyi masu takarda, lokacin atisaye, da yawan ƙananan da suka jawo. A 2018 suka ci azurfa a Olamfik ta Pyeongchang a ƙarƙashin koci Marco Sturm, 'yan Rasha suka doke su 4-3 a ƙarin lokaci, a 2023 kuma suka sake cin azurfa a gasar duniya. Shi yana danganta duka da shirin. Ni dai na ce masa waɗanda suka buga a 2018 manya ne tun kafin a rubuta shirin, ta 2023 ce za a iya yin magana a kanta. Ya yi shiru har muka wuce ƙauye biyu.

Duk motar da muka shiga Füssen tare da ita fadar Neuschwanstein ta nufa, mu kaɗai muka karkata wajen filin ƙanƙara. Nan ne cibiyar horon ƙasa, inda ƙungiyoyin matasan Jamus ke yawan yin sansani, kuma ƙungiyar garin, EV Füssen, ta ci kofin ƙasa sau 16 tsakanin 1949 da 1973. Yau ba ta cikin manya, kuɗin wasan ya koma birane, amma tarihin na nan a bakin kowa. Ranar sanyi gajeriya ce, na yi La'asar a gefen mota, ina naɗe darduma rana na shirin faɗuwa.

Wasan yammacin na ƙanana ne, 'yan ƙasa da 15, kowa da ragar ƙarfe a fuska. Na bar dattijon da fensirinsa na je wajen mai sayar da shayi, inda na faɗa hira da wata uwa da ta tuƙo ɗanta daga wani ƙauye mai nisa. Sau da yawa a mako take wannan hanya, in ji ta, don garinsu babu fili. Sanda mai kyau tana iya haura Yuro 200, kuma karyewa take yi. Takalmi ya fi haka, ƙafar yaro kuma ba ta jira. Filin ma rabonsa ake yi da masu rawar ƙanƙara da jama'ar gari, sai a ba yara sassafe ko dare. Na duba 'yan kallon, na duba yaran, na tuna filayen ƙwallon ƙafa na unguwarmu a Munik da ke cike da 'ya'yan Turkawa da Larabawa da 'yan Afirka. A nan da ƙyar ka ga ɗaya. Kafin mai farauta ya buɗe littafinsa, aljihun iyaye da nisan fili sun riga sun yi tasu tacewar. Masu buga wasan da rajista a Jamus dubu ashirin da wani abu ne, Kanada kuwa tana da kimanin rabin miliyan. Shi ya sa dattijon yake lissafin watanni: mai yara kaɗan ba shi da na zubarwa.

A ƙaramin masaukin da muka kwana, ina cin kifi da dankali yana cin abin da ban tambaya ba, ya kawo zancen gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 da aka fara a ƙarshen Disambar 2020 a Edmonton. Korona ta kama yaran Jamus da dama aka killace su, suka shiga wasa da mutum 14 ban da gola, Kanada ta yi musu 16-2. Duk da haka suka farfaɗo suka kai zagayen kwata fainal, karon farko a tarihinsu, inda Rasha ta fitar da su da 2-1. Kyaftin ɗinsu Tim Stützle ne, wanda ƙungiyar Ottawa ta ɗauka na uku a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2020 na NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. Wannan gasar, in ji shi, ya fi alfahari da ita fiye da kowace azurfa.

Washegari muka yi arewa ta Kaufbeuren, muka kewaye Munik, muka isa Landshut, inda muka sake haɗuwa da Isar ya yi faɗi. Tun daga nesa ake hango hasumiyar cocin Martin, mita 130 ta jan bulo. Landshut da Kaufbeuren ne suka karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da 18 a 2022. Nan Erich Kühnhackl ya yi suna, nan Sturm ya taso, kuma ɗan Erich, Tom, ya ci kofin Stanley, wato kofin NHL, da ƙungiyar Pittsburgh a 2016 da 2017.

Wasan na DNL ne, gasar matasa mafi girma a ƙasar, kuma tun daga ƙarar faifan a jikin katanga ka san an canza aji. A nan ba dattijon kaɗai ke riƙe da littafi ba. Akwai wasu a tsaye nesa da juna, kowa na yi kamar bai ga ɗan'uwansa ba, wasu wakilan 'yan wasa ne, wasu na manyan ƙungiyoyi. Wani tsoho da ke kusa da mu ya yi ta ƙorafi cewa ƙananan garuruwa su yi raino, da yaro ya fara haske sai a ɗauke shi. Akwai gaskiya a maganarsa. Leon Draisaitl ɗan Kolon ne, ya koma Jungadler, ƙungiyar matasa ta Mannheim, daga nan ya wuce Kanada a 2012, a 2020 ya zama Bajamushe na farko da aka zaɓa gwarzon NHL. Moritz Seider daga Erfurt ya tafi Mannheim, Stützle daga Krefeld, JJ Peterka ɗan Munik kuwa makarantar hoki ta Red Bull da ke Salzburg a Ostiriya ya tsallaka. Dattijon bai musa ba, amma ya ce wa tsohon yaron da ya fi kowa a garinsu yana da shekara 15, in ya zauna, wa zai koya masa shan wahala? Suka yi ta yi da Bavariyancin da ban kama rabinsa ba.

Bayan an tashi ya zauna a mota da fitila a kunne yana tace abin da ya rubuta. Shafuka da yawa suka koma suna huɗu: gola ɗaya daga Landshut, yara biyu daga wasan Füssen, da ɗan Disamban nan, wanda ya sa wa alamar a sake dubawa a Maris. Na tambaye shi dogon fa? Ya ce wannan kociyoyi sun san sunansa tun yana shekara 12, an riga an gayyace shi sansani, ba ya buƙatar fensirin kowa. Ya rufe littafin ya ce in bi babbar hanyar A92, in mun yi sauri za mu riga cunkoson masu dawowa daga hutun ƙarshen mako shiga Munik.