Inda Na Kai a Koyon Binciken Jama'a: Wa Aka Tambaya, Kuma Yaya Aka Zaɓo Shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Ga inda na kai a karatun binciken jama'a da takardar tambayoyi, da abin da ya zauna mini, da wanda har yanzu muke kokawa da shi. Aikin gwajina shi ne: yadda gidaje ke samun ruwa a wasu unguwannin Kano, wa ke da famfo, wa ke da rijiya ko burtsatse, wa ya dogara da 'yan garuwa. Alƙaluman da za ku gani bayan kalmar "a ce" na misali ne kawai don lissafi ya fito fili, kada wani ya ɗauke su a matsayin sakamako.

Na fara da tambayar da kowa ke farawa da ita: mutum nawa zan tambaya? Duk wanda ya buɗe furojet a manyan makarantunmu, a babi na uku zai ci karo da lissafin Taro Yamane na 1967, ko jadawalin Krejcie da Morgan na 1970. Ka ba lissafin Yamane jama'a 10,000, ya ba ka 385. Ka ba shi miliyan ɗaya, ya ba ka 400. Jadawalin kuwa a 384 yake cijewa. Da zarar jama'a sun yi yawa, yawan nasu ya daina tasiri, abin da ke aiki shi ne girman samfurin kansa. Mutum 400 na ba da tazarar kuskure ta kusan kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, 1,200 na ba da 2.8, 2,400 kuma kashi 2. Shi ya sa Afrobarometer, da ke tambayar ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka tun 1999, ta fi amfani da 1,200 ko 2,400 a ƙasa guda sukutum. In kana son rage kuskure zuwa rabi, sai ka ninka samfuri sau huɗu. Wannan ɓangare bai ba ni wahala ba.

Sharaɗin da ke ƙarƙashin lissafin ne ya tsayar da ni, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Duk waɗannan alƙaluma suna aiki ne idan ƙuri'a ce ta zaɓo mutanen, wato kowa na da damar fitowa, kuma an san girman damar. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu, ƙarfe yake soka masa ya ɗebo 'yar kaɗan ya duba. Amma yana soka sama da tsakiya da ƙasa, don ya san mai kaya na iya sa mai kyau a baki. Tafin hannu ɗaya daga wurare uku ya fi kwano goma daga bakin buhu.

A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun ƙuri'ar jin ra'ayi kusan miliyan 10 kafin zaɓen shugaban ƙasa, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai ci. Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta yi amfani da su yawanci daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta kwaso su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka damu suka mayar da amsa ba irin waɗanda suka yi shiru ba ne. George Gallup, da samfurin da bai kama ƙafar nata ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. To mu yau mene ne namu? Mutum ya haɗa tambayoyi a Google Forms, ya watsa a zaurukan WhatsApp, amsa 400 ta cika, ya rubuta Yamane a babi na uku. Waɗanda suka amsa masu babbar waya ne, masu data, masu karatun boko, galibi abokan abokansa. Matar da ke sayen jarka biyu kullum a lungun Kurna ba ta da hanyar shiga wannan samfuri ko da amsar ta kai dubu goma. Ni dai na daina kallon yawan amsa a aikin mutum kafin in ga yadda ya same ta.

A fili kuwa babu jerin sunayen gidaje da za ka jefa wa ƙuri'a. Abin da ake yi shi ne zaɓe hawa-hawa: a jera layuka ko ƙananan yankuna, ƙuri'a ta fitar da wasu, a je a lissafa gidajen da ke cikinsu, a sake ƙuri'a. Haka Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a binciken lafiya da yawan jama'a na 2018: ta zaɓi gungu 1,400 bisa taswirar ƙidayar 2006, gida 30 a kowane gungu, har aka tattauna da mata 41,821 'yan shekara 15 zuwa 49. Na kwaikwayi tsarin a ƙaramin mataki, bayan na gaida masu unguwanni na yi musu bayani, don ba a shiga layin mutane da takarda da biro haka kawai.

Sai dai gungu yana da farashinsa. Maƙwabta suna kama da juna. In layi na da burtsatse, kusan duk gidajen layin amsa ɗaya za su ba ka, don haka gida na ashirin bai ƙara maka wani sabon labari sosai ba. Leslie Kish ya ba da lissafin wannan asara: ka cire ɗaya daga yawan gidajen da ka ɗauka a kowane gungu, ka ninka da ma'aunin kamannin da ke tsakaninsu, ka ƙara ɗaya. A ce gida 20 ka ɗauka a kowane layi, kamannin kuma 0.1 ne. Sha tara sau 0.1, a ƙara ɗaya, ya zama 2.9. Gidajenka 400 ƙarfinsu bai wuce na 138 ba, tazarar kuskure ta tashi daga 5 zuwa sama da 8. A harkar ruwa ma ina kyautata zaton kamannin ya fi haka. Gara layuka da yawa da gidaje kaɗan-kaɗan, ko da kuɗin adaidaita zai ƙaru.

Ka isa ƙofar gida ma da sauran aiki. Gida ɗaya na iya ƙunsar magidanta uku, kowa da tukunyarsa da kuɗin ruwansa, sai ka tsayar tun farko cewa masu ci daga tukunya ɗaya kake ƙirgawa. Sannan wa zai amsa? In ka yi sallama da hantsi, mai gida ya fita nema, wanda za a turo maka yaro ne ko tsoho. In ka same shi da yamma zai amsa komai da ƙarfin gwiwa, alhali uwar gida ce ta san jarka nawa ke shiga. Namiji baƙo kuma ba ya wuce zaure. Sai da wata 'yar uwa da muke karatun tare ta karɓi ɓangaren mata aikin ya daidaita. Afrobarometer tana karɓa-karɓa ne, gida ɗaya namiji, na gaba mace. Kuma in ba a samu wanda ƙuri'a ta faɗa kansa ba, komawa ake yi, ba a cewa maƙwabci ya zo ya cike gurbi don yana zaune a ƙofar gida.

Abin da ya fi ba ni nishaɗi a wannan zango shi ne shekaru. Kafin kowane gwaji, ku fitar da jadawalin maimaituwar kowane ginshiƙi ku zuba masa ido. A na shekaru za ku ga 30 ta yi tsiri, 31 ta kwanta, 35 ta miƙe, 40 ta fi kowa, 39 da 41 kamar an yi annoba a shekarun haihuwarsu. Mutane ba ƙarya suke yi ba, da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai su ce "kamar arba'in", mai tambaya ya rubuta 40. Ma'aunin Whipple ne ke auna wannan: ka tara masu shekarun da suka ƙare da 0 ko 5 tsakanin 23 da 62, ka raba da kashi ɗaya bisa biyar na duk waɗanda ke wannan tsakani, ka ninka da 100. In ya ba da 100 babu cunkoso, in ya ba da 500 kowa a 0 ko 5 ya sauka, abin da ya haura 175 kuwa ana ɗaukarsa bayanai masu rauni ƙwarai. Maganin a fili shi ne kalandar abubuwan da mutane ke tunawa. Tawa ta Kano tana da naɗin Sarki Ado Bayero a 1963, canjin hannun tuƙi a 1972, shigowar naira a 1973, kisan Janar Murtala a 1976, rikicin Maitatsine a Disambar 1980, da rasuwar Janar Abacha a 1998. Ka ce wa dattijuwa, "Baba, lokacin da aka canza kuɗi an yi miki aure?" Nan take za ta ba ka labarin da zai kai ka kusa da gaskiyar shekarunta fiye da tambayar kai-tsaye. In kuma cunkoson ya riga ya shiga, ka haɗa shekarun rukuni-rukuni.

A wannan jadawalin ne kuma ake kama 98 da 99, lambobin da aka saba ba "ban sani ba" da "babu amsa". In ba ka gaya wa manhaja cewa ba adadi ba ne, za ta lissafa su, ka ga gida na shan jarka 99 a rana. SPSS ko jamovi, duk ɗaya ne a nan. Ni jamovi nake amfani da ita don kyauta ce kuma ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta, tattara amsa kuma da KoboToolbox, wadda ke aiki ko babu sabis, kuma ana iya hana ta karɓar adadin da ya wuce hankali tun a ƙofar gida.

Ma'aunin yarda da rashin yarda da Rensis Likert ya fitar a 1932 yana da matsala biyu a wurinmu. Ta farko ladabi ne. Ka karanta wa mutum "Ruwan 'yan garuwa yana da tsabta", ya ce haka ne. Ka juya ka ce "ba shi da tsabta", ya ce wallahi haka ne. Ba ya son musu da baƙo, wani kuma yana zaton gwamnati ce ta aiko ka da rabon tallafi. Dabarar da na aro ita ce ta ajiye magana biyu masu karo da juna, a ce wacce ta fi kusa da ra'ayinka. Ta biyu ita ce al'adar nan ta 2.5 a babi na huɗu: zaɓi huɗu, a ba su 4, 3, 2, 1, a fitar da matsakaici, abin da ya kai 2.5 "an amince". A ce mutum 50 sun yarda ƙwarai, 50 sun ƙi ƙwarai, matsakaici 2.5. A ce 50 sun ɗan yarda, 50 sun ɗan ƙi, shi ma 2.5. Unguwa ta farko ta rabu gida biyu ana jijiyar wuya, ta biyu ko a jikinta, lamba ɗaya ta haɗiye bambancin. Ku nuna kason kowane zaɓi, ya fi faɗin gaskiya.

Gwajin kai-sikwaya, na Karl Pearson tun 1900, mai duba ko bambancin da aka gani tsakanin rukunoni ya wuce abin da sa'a ke iya kawowa, na yi shi da hannu kafin in bar wa manhaja, kuma ina ba kowa shawarar haka. A ce gida 100 a cikin birni, 100 a sabbin unguwanni, 60 cikin duka suna sayen ruwa kullum. In babu bambanci, 30 za a sa ran gani a kowane ɓangare, 70 kuma ba sa saye. A ce an samu 40 da 20. Ratar kowane gurbi 10 ce, murabba'inta 100. Ɗari bisa 30 sau biyu, da ɗari bisa 70 sau biyu, jimla 9.52. Iyakar da ake dubawa a irin wannan jadawali 3.84 ce, an wuce ta nesa, ƙimar p, wato yiwuwar ganin irin wannan rata ko da babu bambanci na gaske, ta sauko wajen 0.002. Sai murna. Amma gwajin yana ɗauka cewa kowane gida shi kaɗai ƙuri'a ta ɗauko. Tunda layi-layi aka ɗebo su, a ƙiyasce sai a raba 9.52 da 2.9 ɗin nan, ya koma 3.28, ƙasa da iyaka. Bambancin da aka yi wa murna ya zama abin da sa'a kaɗai ke iya kawowa. Wannan gyara, na Rao da Scott, manhaja ba ta yinsa sai ka sanar da ita yadda aka zaɓi samfuri. Shagunan da ke yi wa ɗalibai "analisis" a kan kuɗi ban taɓa jin suna tambayar wannan ba.

Yanzu ina kan nauyi, wato adadin da ke nuna mutum nawa kowace amsa ke wakilta, da bayanan binciken 2018. A ƙidayar 2006 Kano na da mutum miliyan 9.4, Bayelsa miliyan 1.7, amma samfurin Kano bai ninka na Bayelsa haka ba, don ana son kowace jiha ta samu adadin da zai isa a yi magana a kanta. Saboda haka amsar mace ɗaya a Kano tana wakiltar mata da yawa fiye da ta takwararta a Bayelsa, kuma in za a fitar da adadin ƙasa baki ɗaya dole a sa nauyin. A fayil ɗin mata yana ginshiƙin v005, ana raba shi da 1,000,000 kafin amfani, gungu na v021, rukunin zaɓen samfuri kuma na v022. Gwajin da na ɗora wa kaina shi ne in sake fitar da jadawalin matakin ilimin mata da ke cikin rahoton hukumar, har alƙalumana su yi daidai da nasu. Don wannan na fara koyon manhajar R da kunshinta na survey, wanda ke karɓar nauyi da gungu da rukuni a umarni ɗaya. In jadawalin ya fito daidai, sai in koma kan bayanan ruwana in lissafa ainihin kamannin da ke tsakanin gidajen kowane layi, in maye gurbin 0.1 ɗin misali da shi.