Kare Mai Ƙiba Ma Yakan Ci Naman Jikinsa

Aikin taimaka wa likitan dabbobi a Kumasi ya koya mini cewa ƙoshi daban, gina jiki daban. Yawancin karnukan gadi da ake kawo mana daga Aboabo da Asawase ba yunwa ke damun su ba. Ana zuba musu ragowar banku (tuwon masara da rogo) da ƙanzo da jiƙaƙƙen garin rogo, su cika ciki taf. Sai dai rogo kusan ba shi da furotin, sinadarin da ke gina tsoka, ɗan wanda ke cikin masara kuwa ya gaza wajen laisin da tiriftofan, biyu daga cikin amino asid 10, wato tubalan furotin, da dole kare ya samu daga abinci.

Tsoka ba a zaune take ba. Kullum jiki yana rushe wani ɓangarenta yana sake ginawa. Kitse yana da rumbu, furotin ba shi da shi. Idan abinci bai kawo isasshe ba, sai jiki ya riƙa yagar tsoka don ya biya buƙatar hanta da jini da garkuwar jiki, rushewa ta fi ginawa yawa. Ko an ba da nama, in abincin gaba ɗaya bai isa ba, jiki zai ƙona furotin ɗin don neman ƙarfi maimakon ya yi gini da shi.

Shi ya sa likitanmu ba ya yarda da sikeli kaɗai. Ya koya mini aiki da tafin hannu: a shafa gefen ƙashin baya, inda zaizayar tsoka ta fi fara bayyana, sannan allon kafaɗa, saman kai da ƙashin ƙugu. Wani dattijo ya kawo karensa da ya daina tashi ko an taɓa ƙofa, ga shi jibgege. Ya ce, "Ɗana, dubi jikinsa, ai ba abin da ya rasa." Na ce, "Baba Alhaji, kawo hannunka." Na ɗora masa a bayan karen. Ƙarƙashin kitsen, ƙashin ya fito tsuru, gefensa biyu sun lotsa. Ya daɗe yana shafawa bai ce komai ba, daga baya ya tambayi abin da zai sayo.

Ƙungiyar AAFCO ta Amurka mai tsara ƙa'idar abincin dabbobi, wadda ake ganin sunanta a buhunan abincin kare, ta sa mafi ƙaranci kashi 18 cikin 100 na furotin ga babban kare, kashi 22.5 ga kwikwiyo da karya mai ciki ko shayarwa, idan an cire ruwan abincin daga lissafi. Ba kowa ke da kuɗin buhu ba, na sani. Dafaffen ƙwai, kifin da ba a sa wa gishiri ba, tumbi da huhu daga mahautar Kaase, duk suna cike giɓin. Miyar gida kam a bar ta, albasa guba ce ga kare, dafaffen ƙashi kuma yakan tsage ya huda hanji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsofaffin karnuka. Ana rage musu nama wai don a kare ƙoda, alhali tsufa da kansa yana cin tsoka, buƙatarsu ta furotin ma ƙaruwa take yi. Furotin ba ya lalata ƙodar lafiyayyen kare. Wanda gwajin jini da fitsari ya nuna ƙodarsa ta taɓu, shi ne likita zai auna masa abinci. Dabbar da ta yi shekaru tana kwana a bakin ƙofarka tana da haƙƙi a kanka.

Idan kuma an gyara abinci amma bayan karen bai cika ba, sai mu nemi tsutsar ciki, cutar kaska, ko ciwon zuciya, domin ciwo yakan rushe tsoka ko kare yana cin abinci mai kyau.