Ƙaramar Tsawa Ce Ke Ratsa Kariyar Tashar Lantarki

Ƙannena da kuka shigo aikin injiniyan lantarki, musamman waɗanda wata rana za a ajiye musu zanen tashar rage ƙarfin wuta a ce su tsara mata kariya daga tsawa, abu na farko da nake so ku fitar daga ranku shi ne tunanin cewa babbar tsawa ita ce abar tsoro. Awon da masanin tsawa Karl Berger ya shafe shekaru yana yi a kan dutsen San Salvatore a ƙasar Suwizalan ya nuna cewa kusan rabin tsawar da ke sauka ƙasa bugunta na farko ya haura amfiya 30,000, kuma ƙa'idar IEC 62305, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kariya daga tsawa, tana kai lissafinta har amfiya 200,000 a matakin kariya mafi tsanani. Waɗannan alƙaluma su ne suke cika wa sabon injiniya ido, su ne kuma suka cika mini nawa, har na ɗauka cewa muddin na kafa dogayen sandunan ƙarfe masu kauri a kewayen tasha, to na gama aikina.

Sai dai tsawa ba a miƙe take saukowa ba. Harshenta yana gangarowa ne daki-daki daga hadari, kuma ba ya zaɓen inda zai sauka sai ya kusanto ƙasa, sannan ya yi tsallen ƙarshe zuwa abin da ya fi kusa da shi. Tsawon wannan tsalle ya danganta da ƙarfinta. Wadda ke ɗauke da amfiya 30,000 tana iya kamo sandan kariya tun tana nesa da shi da kimanin mita 90, don haka da wuya ta wuce shi. Wadda ke ɗauke da amfiya 3,000 kuwa tsallenta bai fi mita 20 ba, saboda haka sai ta sulale ta gefen sandan ba tare da ta kula shi ba, ta sauka a kan wayar da ke ɗauke da wuta. Ƙarama ce idan aka kwatanta ta da 'yan'uwanta, amma ta isa ta fasa tangaran ɗin da ke riƙe da waya a ɓangaren da ke da ƙarancin ƙarfin wuta.

A kan wannan ne aka gina hanyar mirgina ƙwallo, wadda Ralph Lee ya bayyana a Amurka a ƙarshen shekarun 1970. Mutum zai ƙaddara wata ƙatuwar ƙwallo wadda nisan tsakiyarta zuwa bayanta ya yi daidai da tsallen tsawar da yake tsoro, ya mirgina ta a kan zanen tashar ta kowace kusurwa. Duk abin da ƙwallon ta taɓa, tsawa ma za ta iya taɓa shi. Abin da ya fake a ƙarƙashinta yayin da ta dogara a kan sanduna da wayoyin garkuwa, wato wayoyin da ake ja ta saman kayan wuta don su tare tsawa, shi ne kaɗai ya tsira.

Ni ba da ita na fara ba. A wata tasha mai sauke wuta daga kV 132 zuwa kV 33 (kV ɗaya shi ne volt dubu), na yi amfani da tsohuwar hanyar kusurwa, wato a ja layi daga kan sanda zuwa ƙasa a karkace da digiri 45, a ce duk abin da ya shiga cikin wannan inuwa ya sami kariya. Sandunan mita 30 ne, na'urorin da ke bakin filin kuma tsayinsu wajen mita 8, don haka lissafina ya ba ni inuwar mita 22 daga gindin kowane sanda, na sa hannu ina ganin har da rara. Da na bi ƙa'idar IEEE 998 ta kare tashoshin wuta daga tsawa, wadda ta fito a 1996 aka sabunta ta a 2012, da na ga wani abu dabam. Kayan kV 132 galibi an gina su ne su jure bugun tsawa na kV 650, kuma idan aka ɗauki turjiyar layin ga irin wannan bugu a matsayin om 300, tsawar da ta haura kimanin amfiya 4,800 ta isa ta yi ɓarna. Tsallen irin wannan tsawa zuwa sanda bai wuce mita 26 ko 27 ba. Idan aka jingina ƙwallo mai wannan girma a jikin sandan da ke tsaye shi kaɗai a bakin fili, na'ura mai tsayin mita 8 ba ta samun mafaka sai in tana cikin kimanin mita 7 daga gindinsa. Tsakanin 22 da 7 akwai fili mai faɗi da na bari a buɗe, kuma a cikinsa aka shimfiɗa ɓangaren kV 33.

Wani dare a farkon damina tsawa ta sauka a wurin. Da safe muka tarar da tangaran ya tsage daga sama har ƙasa, da baƙin zane a jikinsa kamar an bi shi da gawayi, ga ɗigon alminiyom da ya narke ya daskare a kan tsakuwa, garuruwan da layin ke ciyarwa kuma suna cikin duhu. Babu wanda ya ɗora mini laifi a lokacin, domin kowa ya ce ikon Allah ne, kuma lalle ikon Allah ne, amma da na sake zama da zanen na gane cewa ni na bar ƙofar a buɗe.

Abubuwa biyu suka fito mini daga wannan lissafi waɗanda hankali ba ya saurin karɓa. Na ɗaya, duk tsayin da sanda ya ƙara sama da tsallen tsawar ba ya ƙara faɗin inuwarsa ta gefen waje ko da taku ɗaya, don haka kuɗin da za a kashe a kan dogon sanda guda ya fi amfani idan aka raba shi a kan matsakaita da yawa, ko aka ja wayar garkuwa a tsakaninsu yadda ƙwallon za ta zauna a kansu ba ta nutse ba. Na biyu, ɓangaren da ya fi ƙarancin ƙarfin wuta shi ya fi bukatar kariya mai matsi. Kayan kV 33 bugun kV 170 kawai suke jurewa, don haka ƙwallon da za a mirgina musu ba ta wuce mita 15 ba, alhali a filin kV 330, irin wanda ke Kumbotso a Kano, ƙwallon tana haura mita 30. Mu kuwa bisa al'ada hankalinmu yakan tafi ga manyan kaya masu tsada, mu bar ƙananan a gefen katanga.

Duk wannan magana ce a kan tsawar da ta faɗo cikin filin tasha kai tsaye. Mafi yawan bugun da taransifoma ke sha kuwa ta kan layi yake shigowa, bayan tsawa ta sauka a kan hasumiya ko waya a can waje, kuma maganinsa shi ne aresta. Na zamani ana cika su da faifan sinadarin zinc oxide da aka fara sarrafawa a Japan, wanda ba ya barin wuta ta bi ta cikinsa a ƙarfin da aka saba, amma da zarar bugu ya zo sai ya buɗe mata hanya zuwa ƙasa. A nan ma na taɓa sakaci, domin na yarda aka matsar da aresta nesa da taransifoma don a sami hanyar shigar mota mai ɗaga kaya, ina ganin ai duk waya ɗaya ce. Bugun tsawa yana tafiya a kan waya da gudun kimanin mita 300 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na sakan, kuma idan ya iso bakin taransifoma yakan yi tsalle ya dawo, wanda ya dawo ya hau kan mai zuwa. Idan bugun yana hawa da kV 1,000 a cikin wannan ɗan lokaci, tazarar mita 30 tsakanin aresta da taransifoma tana iya ƙara wa taransifoman har kV 200 a kan abin da arestan ya tsayar. Allah ya sa wani dattijon injiniya ya lura kafin a kunna tashar, ya sa aka mayar da su jikin taransifoman. Shi ne kuma ya nuna mini wayar da ta sauko daga gindin aresta, wadda mai aikin ya lanƙwasa ta bi gefen ginshiƙi don ta yi kyan gani, ya ce kowace mita ɗaya ta wannan waya tana iya ƙara kV 10 a lokacin bugu. Tun daga ranar ba na yarda da wayar aresta sai gajera, miƙaƙƙiya, da sandan atin nata, wato ƙarfen da ake kafawa cikin ƙasa don wuta ta bi ta shige, a kusa da gindinta, haɗe da ragar tagullar da ke binne a ƙarƙashin tashar. Ku kuma tabbata layin da ke shigowa yana da wayar garkuwa a kilomita ɗaya ko biyu na ƙarshe, kuma turjiyar gindin hasumiyoyinsa ba ta wuce om 10 ba.

Sai maganar ƙasa, wadda a nan ne yanayinmu ya bambanta da na waɗanda suka rubuta littattafan da muka karanta. Ana son ragar tagullar da aka binne a ƙarƙashin babbar tasha ta sauko zuwa om 1 ko ƙasa da haka, kuma ana fara tsara ta ne da awon turjiyar ƙasa ta hanyar kafa turaku huɗu a jere, dabarar da Frank Wenner ya fitar a 1915. Na taɓa yin wannan awo a watan Agusta, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, na sami adadi mai daɗin gani, na gina lissafina duka a kansa. Da aka sake aunawa a ƙarshen rani sai adadin ya ninka, domin jar ƙasa mai marmara idan ta bushe kusan dutse take komawa. Abin da ya sa wannan ya zama babban lamari a ƙasar Hausa shi ne, hadarin farko mai iska da tsawa yana zuwa ne a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ƙasa ta shafe watanni ba ta ga ɗigon ruwa ba. Wato ranar da tashar ta fi bukatar atin ita ce ranar da atin ya fi rauni. A daidai lokacin kuma ƙurar hunturu ta kwanta a jikin tangaran, yayyafin farko ya jiƙa ta bai wanke ta ba, ta zama hanyar da wuta za ta bi. Saboda haka ku yi awonku a Maris ko farkon Afrilu, ku buɗe tazarar turakun sosai don ku san abin da ke can ƙasa, inda kuma saman ya bushe ƙwarai ku nemi a haƙa rami mai zurfi har a tarar da danshi.

Ku yi hattara da ɗan kwangilar da zai cika ramin atin da gishiri da gawayi ya kwarara masa ruwa ana gobe za a zo dubawa. Na'urar awo za ta nuna abin da kowa ke so, a sa hannu a watse, amma ramin ƙarya ƙurarre ne: damina biyu za ta wanke gishirin, kafin ya tafi kuma ya ci ƙarfen. Idan ƙasa ta ƙi, yumɓun bentonite ya fi aminci. Mahaɗar tagulla da za a binne a narka ta a haɗe, kada a ɗaure da noti, kuma ku tsaya da kanku ku gani kafin a mayar da ƙasa, domin bayan an zuba tsakuwa babu mai sake ganinta. Ita ma tsakuwar ba ado ba ce. Kaurin santimita 10 zuwa 15 da ake shimfiɗawa shi ne ke tsakanin ƙafar ma'aikaci da wutar da ke watsuwa a ƙasa, kamar yadda ƙa'idar IEEE 80 ta yi bayani.

Za a kawo muku tallar wasu kawunan ƙarfe da ake cewa suna tarbo tsawa tun daga nesa, guda ɗaya ya rufe tasha duka. Faransa tana da ƙa'idarta a kansu, amma IEC 62305 ba ta ba su wani faɗin kariya da ya wuce na sanda mai tsayinsu ba, ni ma a haka nake lissafa su.

Zanen kariya yana tsufa tun tashar ba ta tsufa ba. Duk lokacin da aka ƙara taransifoma, ko aka ja sabon layi, ko aka kafa eriya a kan ɗakin sarrafawa, sai a sake mirgina ƙwallon a kan sabon zane, domin sau da yawa ƙarin yana faɗawa ne a bakin fili inda inuwa ta ƙare. Ɓarayin tagulla kuma sukan yanke wayar da ta sauko daga sanda daidai inda ta shiga ƙasa, sandan yana nan tsaye ƙyam kamar lafiya lau, don haka kafin hadarin farko na kowace shekara a bi su ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo, ba da ido kawai ba, a wanke tangaran, a rubuta lambar da ke kan ma'ƙirgin kowane aresta, mai ƙirga bugun da ya sha, domin a kwatanta ta da abin da za a tarar a watan Oktoba.