Ranar da Gwaggo ta faɗi a hanyar Jamra

A aikin Hajjin shekarar 2024 na raka gwaggona, dattijuwa mai fama da ciwon suga. Tun kafin mu bar Kano aka duba katin rigakafinmu, domin Saudiyya tana neman shaidar allurar sanƙarau da ta shawara da kuma rigakafin shan inna daga maniyyatan Najeriya.

Ranar 11 ga Zulhijja, wadda ta yi daidai da 17 ga Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Muna kan hanyar dawowa daga jifa a Mina sai ƙafafunta suka kasa ɗaukarta. Na ce, "Gwaggo, mu tsaya ki sha ruwa," amma ba ta amsa ba, jikinta kuwa ya yi zafi rau. Ba a jima ba ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya suka iso, suka kai mu ɗaya daga cikin asibitocin gwamnati da ke Mina.

Babu wanda ya tambaye ni ko riyal ɗaya, domin gwamnatin ƙasar tana duba alhazai kyauta. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji, da ke rataye a wuyanta kawai suka duba, sannan suka kwantar da ita, suka sanyaya jikinta da ƙanƙara da fanka, suka sa mata ƙarin ruwa.

Wahalar da ban taɓa tunani ba ta zo ne lokacin da likita ya nemi sanin maganin da take sha. Gwaggo ta ciro ƙwayoyin daga kwalinsu tun a gida, ta ƙulle su a leda don rage kaya, ni kuma ban san sunansu ba, Larabcin da na koya a Islamiyya ma bai kai na bayanin cuta ba. Allah ya kawo mana wata ma'aikaciya haifaffiyar Makka, wadda ta ce kakanninta sun zo daga ƙasar Hausa da ƙafa. Ita ta yi mana tafinta, ita ce kuma ta ba ni shawarar in kira gida a turo hoton kwalin ta WhatsApp. Sai da likita ya ga sunan maganin da ƙarfinsa kafin ya daidaita abin da zai ba ta. Har yau ina ganin sakaci na ne, domin rubuta sunan magani a takarda ba ya ɗaukar minti biyu.

Daga baya hukumomin Saudiyya suka sanar cewa mutum 1,301 sun rasu a Hajjin, kuma kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin aikin Hajji, mutanen da suka yi doguwar tafiya cikin rana ba tare da matsuguni ba. Gwaggo kuwa washegari aka sallame ta da umarnin kada ta sake fita rana, ni na je na yi mata jifan ranar 12.