Katangar bayan gidana da rigimar rabin kuɗi

Har yanzu in na tuna maganar katangar nan sai raina ya ɓaci wallahi, duk da an yi sulhu muna gaisawa. Katanga ɗaya ce ta raba bayan gidana da na Alhaji maƙwabcina, ta wajena akwai ɗan lambun da na yi, zogale da gwanda da lemun tsami sai kwamin alayyahu da yakuwa na maman yara, ta wajensa kuma turken awaki ne. A watan Agustan 2023 aka kwana ana sheƙa ruwa, wajen asuba muka ji rugum, kusan rabinta ta kwanta a cikin lambuna. Allah ya tsare babu yaro a wurin.

Da muka fito daga masallaci Alhaji da kansa ya riƙe hannuna ya ce "Malam ai wannan ba abin dogon zance ba ne, a kira magini ya yi lissafi, rabi naka rabi nawa." Na ji daɗi sosai. Magini ya zo ya auna ya rubuta komai, bulo mai inci 9, yashi, rodi, siminti, kuɗin aikinsa da na leburori. Lokacin buhun siminti N5,000 ne da ɗan wani abu. Sai Alhaji ya ce a bari ruwa ya ɗauke tukunna, wannan gaskiya ne ba a gini mai kyau cikin marka. Ruwa ya ɗauke, ya ce a bari ya sayar da amfanin gona. Ya sayar, sai ga bikin 'yarsa. Ni dai na kafa zana na toshe wurin ina jira.

Duk wanda ya san akuya ya san zana ba ta tare ta. Sun cinye alayyahun tas, suka koma kan zogale har ɓawon jikinsa suka ɓare, gwanda kuwa ƙananan duk sun karya su. Abin da ya fi damuna ma ba shukar ba ce, iyalina ne ba sa iya sakewa a bayan gida saboda samarin gidansa na wucewa ana hango juna ta ɓular zana. Da Fabrairun 2024 ya zo, azumi na ƙaratowa, na ce gaskiya Alhaji zan fara. Ya ce "ka fara kawai, nawa na nan tafe."

To kowa ya san abin da siminti ya yi a wannan watan. Buhu ya haura N10,000, har gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin siminti aka ce a dawo da shi tsakanin N7,000 zuwa N8,000, amma a shagon unguwarmu lokacin da nake saya bai sauko ba, kuma masu buga bulo su ma sun ɗaga tunda da simintin suke bugawa, rodi ma haka. Na rufe ido na ci bashi aka gama aiki. Da na kai masa lissafi sai ya shiga gida ya fito da kuɗi a leda, na ƙirga na ga rabin wancan tsohon lissafin ne na watan Agusta. Na ce Alhaji ai kaya sun ninka. Ya ce shi abin da magini ya rubuta a gabansa shi ya amince da shi, wannan sabon bai gani ba, ba a yi shawara da shi ba. Wallahi sai da na ji jiri. Mutumin da shi ne ya jawo jinkirin har farashi ya same mu!

Ban so zuwa kotu ba, maƙwabci ne, sahu ɗaya muke tsayawa. Wajen mai unguwa muka je. Tambayarsa ta farko, akwai takarda? Babu. Wa ya ji lokacin da ya ce ka fara? Babu kowa, mu biyu ne a ƙofar gida. Nan Alhaji ya ɓullo da wata sabuwa, wai ban ruwan da nake yi wa lambu ne ya jiƙa gindin katangar ta faɗi. Na ce ranka ya daɗe a je a duba indararonsa. Aka je da magini, ya nuna ramin da ruwan indararon ya haƙa daidai gindin katanga, ramin har ya yi gansakuka, ya kuma ce tsohon harsashin ba shi da zurfi, sannan kwamina ma ya manne da bango. Liman ya yi mana nasiha ya kawo hadisin da Annabi (SAW) ya ce kada mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin katangarsa, ya ce to ina ga katangar da ta haɗa ku.

Hukuncin da aka yanke shi ne ƙarin da aka samu a kasa uku, ni in ɗauki biyu shi ɗaya, saboda wai ban nuna masa sabon farashi a gaban shaida ba. Na karɓa don girman manya amma har gobe ban ga adalci a ciki ba, tunda da an yi aikin lokacin da ruwa ya ɗauke da babu wani ƙari.

Shi ya sa duk wanda ya zo mini da irin wannan maganar nake ce masa ranar da kuka yi lissafi ranar za ku haɗa kuɗi ku sayi bulo da rodi ku jibge, ko da ginin sai bayan wata uku, siminti kuma a biya a shago a karɓi rasit tunda shi ba ya son ajiya cikin damshi. In ɗayanku ya ce a jira, to a rubuta a gaban mai unguwa ko mutum biyu cewa rabin abin da aka kashe ranar gini za a raba, ba rabin lissafin yau ba. Ko saƙon murya a WhatsApp da ina da shi da ya ishe ni hujja. Na ja kwamina baya na bar tazara da bango, shi ma an sa shi ya juya indararon ya kalli kwata. Kason nasa ɗaya kuwa kaɗan-kaɗan yake aiko yaro da shi, har yanzu da saura.