Dokin da Bai San Inda Ƙafarsa Take Ba

Na daɗe ina ɗaukar duk wata tangarɗa a tafiyar doki a matsayin ɗingishi, har lokacin da wani ɗan ingarma mai shekara biyu da nake kula da shi ya fara jan kofatan baya a ƙasa, yana tuntuɓe a fili inda babu ko tsakuwa. Mun duba kofato, mun lallatsa gaɓoɓi, ba mu sami kumburi ko zafi ba. Da likitan dabbobi ya zo, sai ya sa aka ja dokin a hankali, shi kuma ya kama wutsiyar ya janyo ta gefe. Lafiyayyen doki yakan turje. Wannan kuwa sai ya biyo hannun likitan yana tangaɗi, ƙafa tana harɗe ƙafa.

A nan na gane bambancin. Mai ɗingishi ya san inda ƙafarsa take, ciwo ne ke hana shi taka ta sosai, amma wanda laka ta taɓu, saƙon da ke kai-komo tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙafa ne ya katse. Hoton ƙashi da aka ɗauka a wuyan ɗan ingarman ya nuna cewa hanyar da laka ke bi a cikin ƙasusuwan wuyansa guda 7 ta tsuke a wuri ɗaya, lalurar da aka fi gani a ƙananan dawakai maza masu saurin girma.

Ba kullum ƙashi ne sanadi ba. Ƙwayar cutar Yammacin Nilu, wadda aka fara ganowa a Uganda a 1937 ta kuma isa Amurka a 1999, sauro ne ke ɗaukar ta daga tsuntsaye, tana kumbura ƙwaƙwalwa da laka. Amma wadda ta fi ba ni tsoro ita ce cutar sarƙewar haƙora, domin doki na cikin dabbobin da dafinta ya fi yi wa illa, kuma ƙusa ɗaya da ta soki kofato ta isa. Muƙamuƙi ya ƙage, kunnuwa su miƙe, wutsiya ta ɗaga, ƙaramin motsi ya sa jiki ya sandare. Abin takaicin shi ne, ana iya kauce wa cututtukan nan biyu, domin dukansu suna da allurar rigakafi.

Shi dai ɗan ingarman nan, likita ya hana a ɗora masa sirdi, domin idan ya faɗi, da mahayinsa zai faɗi.