Godiya ga duk wanda ya sa hannu a tafiyar yaranmu Bournville

Assalamu alaikum, iyaye da malamai da 'yan uwa. Alhamdu lillahi, mun kai yaran makarantarmu ta ƙarshen mako Cadbury World ranar Asabar, mun kuma dawo da kowa gida lafiya. A madadin kwamitin da aka ɗora wa hidimar nake wannan rubutu, don kowa ya ji godiyarsa a bainar jama'a.

Na fara da iyayen da suka biya wa 'ya'yansu suka kuma ƙara da na marayu da na waɗanda hannunsu bai kai ba. Sun ce kada a ambace su, to ba zan ambata ba, Allah Ya san su. Sai direbobinmu da suka jure hayaniya tun daga tashi har sauka. Sai iyayenmu mata da suka kwana soya ƙosai da naɗa dambu, suka kuma tsaya a kan yara a wurin da ake ba kowa narkakken cakulan a ɗan kofi ya zaɓi alewar da za a zuba masa, suna tambayar abin da aka haɗa kowace da shi kafin yaro ya kai baki. Ma'aikatan wurin ma sun yi haƙurin amsa mana tambaya bayan tambaya, fuska a sake.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba: wurin yana jikin masana'antar cakulan ta Cadbury ne a unguwar Bournville da ke kudancin Birmingham a Ingila, an buɗe shi a 1990. Ba cikin masana'antar ake shiga ba, gida ne na nuni. Ana farawa da dajin mutanen Aztek na ƙasar Meziko, waɗanda ke shan koko tun kafin Turawa su san shi, daga nan a fito wani titi da aka kwaikwaya, Bull Street, inda John Cadbury ya buɗe shagonsa a 1824 yana sayar da ganyen shayi da kofi da koko na sha. Yara sun rubuta sunayensu da cakulan, sun kuma shiga silimar da kujerunta ke girgiza, ihu kamar za su tsaga rufin. Kantin da ke ƙofar fita kuwa, kowane uba ya san abin da ya yi wa aljihunsa.

Godiya ta musamman ga malamar aji babba, wadda ta dage cewa kada mu tsaya a zaƙi kawai, mu taka mu ga unguwar. A kan ciyawar dandalin ta zaunar da yara ta ba su labarin. Iyalan Cadbury Kiristoci ne 'yan ɗarikar Quaker, masu ƙyamar giya, kuma John ya ɗauki koko a matsayin abin shan da zai janye talaka daga barasa. 'Ya'yansa Richard da George sun karɓi kamfanin a 1861 yana tangal-tangal. Abin da ya cece su shi ne injin matse man koko da George ya sayo daga Holan, wanda da shi suka fitar da garin koko zalla a 1866. A 1879 suka bar hayaƙin tsakiyar gari suka koma fili kusa da rafin Bourn, inda ga hanyar jirgin ƙasa ga ta ruwa. Gidaje 16 suka fara ginawa don manyan ma'aikata. A 1893 George ya sayi eka 120 da kuɗinsa, kafin 1900 gidaje sun kai 313, kowanne da lambunsa, sannan ya miƙa unguwar ga kwamitin amintattu don kada ta zama gadon wani. Bai yarda a gina mashaya a cikinta ba. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ashe shi ma ya san haramun ce?" Dariya ta hana ta amsawa. Dairy Milk da suke ta ci tun safe, ta gaya musu, a 1905 aka fara yin ta.

Amma wanda ya fi ba mu abin tunani shi ne dattijonmu, Baba, haifaffen zangon Kumasi, da muka so mu hutar da su saboda ciwon ƙafa suka ce sai sun je. A mota wajen dawowa suka karɓi lasifika. Suka ce mahaifinsu ya yi ƙwadago a gonakin koko na Asante kamar dubban mutanen arewa, suka kwatanta yadda ake fasa ƙwallon da adda, a tara 'ya'yan a lulluɓe da ganyen ayaba kusan mako guda su ruɓa, a shanya a rana, a ɗura a buhu. Suka ce har tsohon ya rasu bai taɓa ɗanɗana cakulan ba. Motar ta yi tsit.

Baba ba su rufe wa kamfanin asiri ba, kuma ni na ga daidai ne yara su ji. Farkon ƙarni na 20 Cadbury na sayen koko mai yawa daga tsibirin Sao Tome na Fotugal, inda ake bautar da mutanen da aka kwaso daga Angola. Labarin ya iso musu a 1901, sun aika a bincika, sun yi ta kai-kawo da hukumomin Fotugal, amma ba su daina saye ba sai 1909. Jaridar Standard ta zarge su da fuska biyu, suka kai ta kotu suka yi nasara, sai dai diyyar da aka yanke musu rubu'in kwabo ce kacal. A wannan tsakanin ne suka juya zuwa Gold Coast, Ghana ta yau, inda manoma ke noma gonakinsu na kansu. Shekara 8 ba kaɗan ba ce ga wanda ke cikin ƙangi, ko da mai sayen ya gina wa nasa ma'aikatan gida da lambu. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan mahaifinku.

Mu da muka tashi da Bournvita da TomTom a Kano da Zariya, sai ranar wasunmu suka san cewa daga wannan gida reshen Ikeja ya tsiro. Kamfanin kansa ya bar hannun Ingila tun 2010 da Kraft ta Amurka ta saye shi, yanzu yana ƙarƙashin Mondelez.

Na gode wa samarin da suka riƙe ƙirgen yara a kowace ƙofa, da ɗan uwan da ya zo da tabarmi muka yi Azahar a kan lokaci, da 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya da ta ajiye hutunta ta biyo mu da akwatin magani. Wanda na manta ya yafe mini, ladansa na wurin Allah.

Hotuna suna zauren iyaye na WhatsApp. Duk wanda ba ya son a yaɗa na ɗansa ya yi mini magana a cire. An tsinci rigar sanyi ta yarinya da hula da gorar ruwa a mota, suna ofishin makaranta. Bayanin kuɗin da aka tara da wanda aka kashe za a karanta shi a taron iyaye mai zuwa, in sha Allahu. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya raya mana zuri'a.